Zuwa ga abokan cinikinmu masu jiran faifan fim ɗin Camp de Thiaroye

Assalamu alaikum.

Maganar da ke yawo a gari ta iso mana, wai mun karɓi kuɗin mutane mun yi gum. Ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

Faifan bai iso Maraɗi ba tukuna. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke sauka Kwatano sai sun zagaya ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Ƙunshinmu ƙarami ne, a kwantenar wani ɗan kasuwa aka saƙala shi, ba mu da ikon cewa yau za ta taso ko gobe. Ga shi mai aiko mana ya ƙara kuɗi bayan mun riga mun yanka muku farashi. Mu muka ɗauki ƙarin, ba mu nemi ko dala daga wurin kowa ba.

Wasu sun ce mu sauke daga intanet mu buga muku. Ba za mu yi ba. Mai tara fina-finai, faifai na asali yake so, da kwalinsa da hoto garau, musamman wannan da Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow suka fitar a 1988, ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na Venice amma aka daɗe ba a nuna shi a Faransa ba. Labarin mazan jiya ne da suka dawo daga yaƙin Hitila suka nemi haƙƙinsu, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944. Wanda ya taɓa kallo ba ya manta Pays, sojan da ba ya magana, da hular kwanon Jamus a kansa, ya hango tankokin yaƙi cikin dare, ba wanda ya yarda da shi. Ana ce musu sojojin Senegal, amma daga ko'ina a yankin aka ɗebo su, har da ƙasarmu. Cikinku akwai jikokin irin waɗannan sojoji.

Muna nan muna bibiya. Alhazanmu da ke zuwa shagon nan tun zamanin kaset ɗin bidiyo, da malaman makaranta da ke turo mana ɗalibai, Allah ya saka da alheri. Kun san mu, ba yau muka fara ba. Mai son kuɗinsa ya zo da rasit, amma muna roƙon a ƙara mana haƙuri.

Naku,
Mai shago da yaransa