Alhaji, wayar ɗanka jirgi take bi, kwantenarka kuwa sai ka nemi labarinta a wani wuri

Assalamu alaikum Alhaji. Ya kasuwa, ya mutanen Garwa?

Tambayar da ka aiko shirin rediyo ita ce: ɗanka ya buɗe maka manhajar bin jiragen ruwa a waya, kun ga jirgin da ya ɗauko kayanka daga Sin tsaye wuri guda kwana da kwanaki, an rubuta Duwala a gefensa, tiranziter, mai fitar maka da kaya daga tashar ruwa, kuma ya dage cewa kaya ba su iso ba. Ka ce a faɗa maka wanda ke ƙarya. Mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu.

Labarin da wayar ke nunawa daga wata na'ura yake fitowa, sunanta AIS, tana cikin jirgin. An yi ta ne don jirage su san juna cikin dare ko hazo kada su yi karo, masu kula da tashar ruwa kuma su san mai shigowa. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta wajabta ta tun ƙarshen 2004 ga duk jirgin da ya kai tan 300 yana ƙetara ƙasashe, da duk jirgin fasinja komai ƙanƙantarsa. GPS na gaya mata inda jirgi yake, rediyon VHF ya watsa a mita biyu, 161.975 da 162.025 MHz. An yanka kowane minti gida 2,250 a kowace mita, kowane jirgi ya kama nasa gidan ya kuma sanar da wanda zai yi magana a ciki nan gaba, shi ya sa ba sa katse wa juna hanzari. Jirgi mai tafiya yana aiko da wurinsa duk daƙiƙa 2 zuwa 10 gwargwadon gudunsa, wanda ya jefa anka duk minti 3, sunansa da girmansa kuwa duk minti 6.

Wurin da jirgi yake, da gudunsa, da fuskar da ya nufa, na'ura ce ke aikowa da kanta. Amma sunan tashar da za shi, da ranar isowa, da zurfin da cikinsa ya shiga ruwa, ma'aikaci ne ke bugawa da hannu. Kamar allon da yaron mota ke ratayawa ne a tasha, yana iya mantawa bai sauya ba. Ganin Duwala ko CMDLA, taƙaitaccen sunan tasharta, a rubuce niyya ce kawai yake nunawa.

To ka sa yaron ya duba lokacin da aka karɓi saƙon ƙarshe, yana nan a rubuce ƙarƙashin sunan jirgin. VHF ba ta bin lanƙwasar ƙasa, takan tsaya a mil 20 zuwa 40 na teku. Manhajoji irin su MarineTraffic da VesselFinder, a ɓangarensu na kyauta, sun dogara da eriyoyin bakin teku, waɗanda ba su da yawa a gaɓarmu. Tauraron ɗan Adam na jin jirgi a tsakiyar teku, sai dai wannan akasari na masu biyan kuɗi ne. Idan saƙon ƙarshe ya kwana huɗu, jirgin ya daɗe da barin wurin, hoton ne ya tsufa. Wani lokaci ma kyaftin ne ya kashe na'urar da gangan: ƙa'idar IMO ta yarda masa idan yana tsoron 'yan fashin teku, kuma Mashigin Gini ya sha fama da su.

Idan saƙon na yau ne, gudu kuma bai kai rabin not ba (not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa), jirgin a tsaye yake da gaske. Saura a ina. Tashar Duwala tana can cikin bakin kogin Wuri, sai an bi wata hanyar ruwa mai kusan kilomita 50 wadda yashi ke cikewa ana yashewa. Jirgi kan jira a waje har a samu gurbi, ruwa ya cika, matuƙin tashar ya hau ya shigo da shi. Ku ƙara girman taswirar ku dubi sawunsa. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da igiyar ruwa, sawunsa ya zana ɗan da'ira ko baka. Wanda aka ɗaure a gaɓa ɗigo ne guda manne da bakin tasha, ba ya motsi. In da'ira kuka gani, tiranziter ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma abin da ya fi yaudarar mutane. Ba kullum jirgin da ya tashi da kwantena daga Sin ne ke kawo ta ba. Sau da yawa ana sauke ta a Pointe-Noire ko Lome ko Kribi, wani ƙaramin jirgi ya ƙaraso da ita. Sai ka yi ta bin jirgin farko alhali kayanka na zaune a wata tasha. Maganin wannan shi ne lambar kwantenar, haruffa 4 da lambobi 7, tana kan takardar lodi, wato konesman. A buga ta a shafin kamfanin jirgin, zai nuna inda aka sauke ta da jirgin da ya ɗauke ta daga baya. Shi wannan za ku nema a manhajar, da lambarsa ta IMO mai lambobi 7, domin suna na iya zuwa ɗaya da na wani jirgin. Ɗaya lambar da za ku gani, MMSI mai lambobi 9, ta rediyon jirgin ce, tana canzawa idan jirgi ya sauya tuta, wato ƙasar rajistarsa. Ukun farko ƙasa suke nunawa, Kamaru 613, Najeriya 657, Chadi 670.

Da jirgi ya ɗaure a gaɓa, AIS ta gama maka aiki. Abin da za ka nema wurin tiranziter a rubuce shi ne ranar da aka sauke kwantenar, don yawanci daga nan ake ƙirga kwanakin kyauta kafin kuɗin ajiya ya fara hawa, sannan ya faɗa maka ko jirgin ƙasa za ta bi zuwa Ngawundere ko kamiyo, wato babbar mota, ne zai ɗauko ta kai tsaye.

Allah ya kawo kaya lafiya. A gaida yaron.