Fursunonin Amurka da takardun da aka hana su gani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A kotunan tarayyar Amurka, kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi, wani kwamitin 'yan ƙasa mai mutum 16 zuwa 23 ne ke sauraron mai gabatar da ƙara a asirce, ba alƙali a ɗakin, ba lauyan wanda ake tuhuma. Da zarar mutum 12 sun amince, sai a gurfanar da shi a gaban kotu.

Bayan an ɗaure mutum, idan ya nemi bayanan zaman, sai kotu ta ce ya nuna takamaiman buƙatarsa, ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta jaddada a shari'ar Douglas Oil a 1979. To, ta yaya zai nuna an yi ƙarya a takardar da bai taɓa gani ba? In ya ɗaukaka ƙara, kotun sama tana duba ko alƙali ya wuce gona da iri ne kawai, da wuya ta sauya hukuncin. Galibin fursunonin ma da kansu suke rubuta ƙarar, ba lauya.

Na yarda sirrin yana kare shaidu. Amma me zai hana alƙali ya karanta bayanan shi kaɗai, ya goge sunaye, ya miƙa wa fursuna sauran?

Wassalam,
Mai karatunku