Tafkin Tila na nan kusa da mu, a kai yara su gani

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi abin da ke raina.

Bayan ƙaramar sallah mu huɗu muka tashi daga Gombe da asuba, muka bi hanyar Dadin Kowa, muka wuce Kwaya Kusar har Biu a jihar Borno, daga can 'yan acaɓa suka kwashe mu zuwa ƙauyen da ke kusa da tafkin Tila, sauran kuma a ƙasa muka taka. Ni dai kuskuren da na yi silifas na sa, ga duwatsun wurin baƙaƙe masu huji-huji kamar soso amma kaifi kamar me, kafin mu kai gefen ramin silifas ɗaya ya tsinke, sai da wani yaro mai kiwon awaki ya ɗaure min shi da tsumma yana ta dariya wai Baba haka ake zuwa dutse?

Kana isa sai ka ga ƙasa ta lotsa kamar ƙatuwar ƙwarya, ruwa kwance a tsakiya shiru, wallahi duk surutunmu sai da muka yi tsit. Ramin nan bakin dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa, narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya fasa wurin, daga baya ruwa ya taru a ciki, kuma baƙaƙen duwatsun da ke zube a gonakin Biu duk aman ne ya sandare. Wani dattijo ɗan ƙabilar Babur da muka tarar ya ce a da kadojin tafkin ba a taɓa su, kakanninsu na girmama su ƙwarai.

Abokina ɗaya ya ƙi sauka bakin ruwan sam, shi tafkin Nyos na Kamaru yake tunawa, wanda a watan Agustan 1986 ya saki iskar kabon dayoksaid, mai shaƙe numfashi in ta yi yawa, cikin dare ta bi kwari ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, yawancinsu suna barci. Ban ga laifinsa ba, amma shi Nyos zurfinsa ya kai mita 200, iskar a can ƙasan ruwan ta taru shekara da shekaru, sai daga 2001 aka fara sa bututu ana zuƙe ta. Haka abokin nawa ya zauna a sama yana gadin gorar ruwanmu.

To abin da ya sa na rubuto shi ne, ɗana yana SS2, an koya musu dutse mai aman wuta a allo, yana iya kawo maka na Japan da na Italiya, da na nuna masa hoton Tila a waya sai ya ce Baba wace ƙasa ce wannan? Tafiyar da za a je a dawo a yini ɗaya fa! Makarantunmu na Gombe duk shekara yawon buɗe ido ba ya wuce dam ɗin Dadin Kowa, in an yi ƙoƙari Yankari. Shugabannin makarantu ku tuntuɓi masu unguwannin wurin da jami'an tsaro tukuna, a zaɓi lokacin sanyi, a haɗa kuɗin bas a kai yaran nan. Kuma don girman Allah duk wanda ya je ya dawo da ledar fiya watansa, mun tsinci cikin buhu guda a gangaren. A sa kambas.

Naku,
mai karanta ku kullum daga Bolari, Gombe.