Godiya ga Ma'aikatan Hydro-Québec

Gaisuwa mai tarin yawa gare ku, ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na Hydro-Québec, manya da ƙanana, musamman masu hawa turakun wuta.

Na daɗe da wannan godiya a raina, tun watan Janairun 1998, lokacin da ruwan ƙanƙara ya yi kwanaki yana zuba a kudancin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Ruwa ne zalla yake sauka, da ya taɓa reshe ko waya sai ya daskare nan take, har kaurinsa ya kai milimita 100 a wasu wurare. Manyan turakun ƙarfe wajen 1,000 suka durƙushe, gidaje da shaguna kusan miliyan 1.4 suka shiga duhu.

Azumi muke yi a lokacin, muna ɗalibai a Montreyal. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai murhun itace ta buɗe mana ƙofarta. Ba Musulma ba ce, amma da ta gane sai rana ta faɗi muke cin abinci, ita ke duba agogo ta ɗora tukunya. A hasken kyandir muke shan ruwa, kowa ya ƙudundune cikin bargo, rediyo mai batir na kawo mana bayanin da shugabanku na lokacin André Caillé da Firimiyan Kebek na lokacin Lucien Bouchard suke yi kowace yamma. An rasa rayuka a wannan masifa, ban manta ba. Duk da haka, daɗin zaman nan bai bar zuciyata ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne wani ma'aikacinku da na gani da sahur a kan titinmu. Yana can sama cikin kwandon mota, gemunsa ya yi fari fat da ƙanƙara, yana bugun waya da sanda, ƙanƙarar tana zubowa kamar fasassun kwalabe. Da ya sauko muka miƙa masa shayi. Ya cire safar hannu, yatsunsa duk sun tsage, ya shanye a tsaye ya koma sama. Ko sunansa ba mu samu tambaya ba.

Mu mun samu wuta da wuri. Mutanen Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu sun yi makonni suna jira, kuma ba ku bar wajen ba sai da kuka sake kafa layukan, tare da sojoji da abokan aikinku da suka zo daga wasu larduna da Amurka.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a duk turken da kuka hau.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi a Montreyal