A Naɗa Mana Littattafan Tarihi Da Murya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi kira ga marubuta da gidajen rediyo su fara naɗar littattafan tarihi da murya. Labaran soyayya sun cika wayoyin jama'a, tela na sauraro yana ɗinki, direba na sauraro yana tuƙi, amma da wuya ka ji ana karanta yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ko yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, balle yaƙin basasar 1967 zuwa 1970. Ga takardu nan jibge a Arewa House da ke Kaduna. Sai dai a nemo mai karatun da zai furta sunayen mutane da garuruwa daidai, wanda ba zai cusa ra'ayin jam'iyyarsa a ciki ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya