Shirinku kan Lanzarote bai yi wa manoman tsibirin adalci ba

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na yawon buɗe ido na ranar Lahadi daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci da na ji wakilinku yana kiran Lanzarote, ɗaya daga cikin Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, ƙonanniyar ƙasa wadda ko ciyawa ba ta fitarwa, har ya ƙara da cewa in ba don kuɗin baƙi ba da mutanen wurin ba su da abin kaiwa baka. A tsibirin nake zaune, kuma a cikin wannan tokar da ya raina nake neman abincina, saboda haka ba zan iya yin shiru ba.

Daga bayaninsa na gane inda ya tsaya. An kai shi gandun Timanfaya, yankin duwatsu masu aman wuta, an sa shi a motar safa da ke zagaya duwatsun na tsawon kilomita 14 ba tare da an bar kowa ya sauka ba, ya kalli ma'aikaci yana tura busasshen ƙirare cikin rami su kama da wuta, ya ga an zuba bokitin ruwa a bututu ya dawo sama da ƙara ya zama tururi, sannan ya ci kazar da aka gasa da zafin ƙasa. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin kallo ne. Gaskiya ne kuma cewa aman wutar da ya fara ranar 1 ga Satumba 1730 bai lafa ba sai 1736, ya binne ƙauyuka, ya rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin. Amma wanda ya ga tsibiri ta gilashin mota ba shi da hurumin yanke masa hukunci a gaban dubban masu sauraro.

Da ya roƙi direba ya kai shi La Geria, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, da ya ga abin da jikokin mutanen da wutar ta kora suka yi da masifar. Sun lura cewa baƙar tsakuwar da dutsen ya watso tana shan raɓar dare, tana kuma hana rana busar da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Sai suka riƙa haƙa ramuka masu faɗin baki, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum, har su tarar da tsohuwar ƙasar noma, su dasa inabi ko ɓaure guda a tsakiya, sannan su jera duwatsu rabin da'ira a gefen da iskar arewa maso gabas ke bugowa. Ramukan dubbai ne, sun rufe gangaren duwatsu iya ganinka, a wurin da ruwan saman shekara da ƙyar yake kai milimita 150. Ni ɗan Illela ne a jihar Tawa, na tashi ina ganin iyayenmu suna haƙa tassa da rabin wata don su tare ruwa a fako, shi ya sa ranar da aka fara kai ni can ban buƙaci mai fassara ba kafin in fahimci dabarar.

Aikin ba na rago ba ne. Tarakta ba ta shiga, kome da hannu ake yi. Iska tana maido da tsakuwa cikin ramin, dole ka sauka da shebur ka kwashe ta kada ta binne itacen, kana taka gangaren tana zamewa da kai, zafinta yana ratsa takalmi. Lokacin girbi, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, a kafaɗa muke hawowa da akwatunan inabi rami bayan rami. Mafi yawansa giya ake yi da shi, wannan ba abin da zan yaba ba ne, amma a wasu sassan tsibirin albasa da dankali ake nomawa ba tare da ban ruwa ba, kuma su ma wakilinku bai ambace su ba. Hatta raƙuman da ya yi ta raha a kansu, wai an kawo su don baƙi su ɗauki hoto, daga Afirka aka shigo da kakanninsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, su ne suka yi huɗa da dako kafin mota ta zo.

Manoman karkara suna cikin masu sauraronku, kuma wannan ne ɓangaren da zai amfane su, amma kuka cinye lokacin da farashin ɗakunan otal da launin yashin bakin teku. Ina roƙon ku gyara maganar a shiri na gaba, da bakin wanda ya faɗe ta.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya, domin ta waya muke sauraro a nan, kuma sau da yawa gangar tana danne mai magana har sai mutum ya mayar da shirin baya.

Naku mai sauraro,
daga Lanzarote, Tsibiran Kanari, Sifaniya.