Ba lalaci ne kaɗai ke damun mai karatu daga gida ba, ƙararrawa ce babu

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ke cikina, don wallahi na gaji da jin magana ɗaya kullum.

Ni ɗalibi ne mai karatu daga gida, shekarata ta uku kenan ina wani kwas ta intanet, kuma duk sanda aka tado zancen irinmu sai kaji ance ai malalata ne, sun samu sake, waya ta gama da su. To ban ce ƙarya ake mana gaba ɗaya ba, akwai malalatan, ni kaina na taɓa riƙe sarautarsu. Amma tsakani da Allah kowa ya tuna zamanin da yake zuwa aji, wa yake tashi da sassafe don yana marmarin lissafi? Ƙararrawa ake kaɗawa, malami ya shigo da alli a hannu, na kusa da kai ya buɗe littafi kai ma kunya tasa ka buɗe naka, ko kana so ko baka so minti arba'in ɗin nan sai kayi su. Wato himmar da muke yabon kanmu da ita a da rabinta ta aro ce, makaranta ce ta ara mana, ranar da karatu ya dawo gida kuwa sai mai abu ya karɓe abinsa, a barka daga kai sai halinka, ga gado a gefe yana yafito ka.

Ai duniya ta gani da idonta a 2020 lokacin korona, da aka rufe makarantu hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, tace ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne suka koma gida, kuma iyaye da yawa a lokacin suka gane ashe yaron da ba a taɓa kawo ƙararsa ba shi ma sai an yi da gaske yake zama. Kuma karatu daga nesa ba yau aka fara shi ba, Open University ta Ingila tun 1969 aka kafa ta, ɗalibanta na farko suka fara a 1971, sai dai su laccarsu ta rediyo da talabijin ɗin BBC take zuwa a lokacin da aka tsayar, in ance ƙarfe kaza to ƙarfe kaza ɗin zaka zauna. Kaga suna da tasu ƙararrawar kenan. Mu kuwa cewa akayi ka kalli bidiyon duk sanda kaga dama, wannan "duk sanda kaga dama" ɗin ita ta kashe mu, don damar bata zuwa sai saura kwana uku jarabawa.

Zangona na farko na zauna na zana jadawali mai kala-kala, awa takwas a rana, har da jan biro da shuɗi, na manna a bango na ɗauke shi hoto na tura wa abokai suna ta yaba min. Kwana huɗu yayi. Rana ta biyar na makara da awa ɗaya sai nace ai yau ta riga ta lalace sai gobe, goben nan kuwa har yau bata iso ba, takardar ta zauna a bango har gefenta ya nannaɗe, in na shiga ɗakin kauda kai nake kamar na haɗu da mai bina bashi.

Amma abin da yafi ƙona min rai ba ranakun da ban zauna ba ne, ranakun da na zauna ɗin ne. Akwai wata Asabar da nayi awa shida cur a gaban kwamfuta, lacca biyar na kalla a jere, na ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla a littafin, na tashi ina miƙa ina jin kaina wani shehin malami. Da dare wani ɗan kwas ɗinmu ya kira yace dan Allah in ɗan yi masa bayanin babi na uku, nace ai wannan mai sauƙi ne, na buɗe baki, Malam Edita shiru kake ji. Na san shafin, na san akwai wani zane a hannun dama, har kalar rigar malamin na tuna, amma bayanin babu ko ɗigo. Sai na hau in-ina ina cewa bari in duba, shi kuma ya kwashe da dariya yace to ai ni ma dubawar nake tun ɗazu.

Daga ranar na daina ƙirga awa. Yanzu in na gama shafi biyu ko bidiyo ɗaya rufe komai nake, in ɗauki farar takarda in rubuta duk abin da na iya tunowa, sannan in buɗe in ga ina na yi ɓaranɓarama. Abin babu daɗi ko kaɗan don ranar farko layi uku kawai na iya fitarwa, amma aƙalla na san layi ukun nan nawa ne. Daga baya ma na gano ashe an yi bincike a kai, wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, a 2006 sun ba ɗalibai rubutu su karanta, wasu akace su maimaita karantawa, wasu aka karɓe takardar akace su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya, waɗanda suka sha wahalar tunowa su suka fi riƙewa. Kaga inda yaudarar take, maimaita karatu yana sa kaji kamar ka iya saboda idonka ya saba da shafin, alhali sabo daban sani daban.

Sai kuma mantuwa, wadda mutane ke ɗauka ciwo ne da ya same su su kaɗai. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage, ya gano mafi yawan zubewar a awannin farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa. Shi yasa abin da na karanta yau gobe sai na ɗan waiwaye shi na minti goma, in sake bayan kwana uku, in sake bayan mako. Kwanan zaune daren jarabawa kam na yi shi na ga ƙarshensa, ka zuba a takarda da safe, kafin yamma kai fayau kamar an share allo.

Maganar ƙararrawa kuwa, tunda ba wanda zai kaɗa min sai na ƙirƙiri tawa. Na farko na rage buri, awa biyu a rana a lokaci ɗaya a kujera ɗaya, kuma tun da dare nake rubuta takamaiman abin da zanyi, ba wai "zan yi karatu" ba, a'a, tambayoyi biyar na ƙarshen babi na huɗu, don in ka zauna baka san ta inda zaka fara ba to ta waya zaka fara. Na biyu dabarar nan da ake kira Pomodoro, wadda wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da ita yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, ka saita agogo minti 25 kayi aiki ɗaya tak, ka huta minti 5, in kayi zagaye huɗu ka ɗauki hutu mai ɗan tsawo. Ni dai ban ɗauki 25 ɗin a matsayin dole ba, ranar da raina baya so cewa nake minti goma kawai zanyi in tashi, kuma sau da yawa in goman ta cika sai inga na riga na nutsa. Ashe son karatun daga baya yake zuwa, in ka tsaya jiransa kafin ka fara zaka bushe a wurin.

Waya fa? Wani masani na jami'ar Texas da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2017 da kusan mutum 800, wasu wayarsu a kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗakin daban, kuma waɗanda tasu ke wani ɗakin su suka fi yin ƙoƙari a tambayoyin gwada ƙwaƙwalwa da aka yi musu. Na san wani zai ce to ai laccar tamu a cikin wayar take, gaskiya ne, ni sauke bidiyon nake tun da wuri sannan in kashe data, in littafi nake karantawa kuwa ƙanwata nake miƙa wa wayar, yarinyar nan ko zan yi kuka bata bani sai lokaci ya cika.

Iyaye da 'yan uwa, dan girman Allah ku ma ku taimaka mana. Wanda ya tafi makaranta ba mai bin sa aji yace zo in aike ka, amma mu da yake ana ganinmu a zaune sai a ɗauka zaman banza muke. Umma ta taɓa leƙowa sau uku cikin awa ɗaya, duk da "tunda ba abin da kake yi" take farawa. Ban yi musu ba, da yamma na je na zauna kusa da ita na nuna mata ranar jarabawa da yawan babin da suka rage, nace Umma awa biyun nan kawai nake roƙo, kafin su da bayan su duk aiken da kike so naki ne. Yanzu ita ce ma take korar yara daga bakin ƙofar, in na yi jinkirin shiga kuma tace yau babu makarantar ne?

Abokin nan da ya yi min dariya shi ya zama ƙararrawata ta ƙarshe, duk Laraba da Lahadi muna waya na rabin awa, kowa ya yi wa ɗan uwansa tambaya uku littafi a rufe. Kunyar kar ya sake jin shiruna ta fi duk wani bidiyon ƙarfafa gwiwa da na taɓa kallo aiki.

Su kuma makarantun da ke koyarwa ta intanet, har da tamu da ba zan kama suna ba, ku daina jibge mana laccar wata huɗu a rana ɗaya ku ɓace sai ranar jarabawa. Ku riƙa sa ɗan gwaji duk mako ko da tambaya biyar ce, ku tsayar da awa ɗaya da malami zai bayyana kai tsaye a tambaye shi, in ɗalibi yayi mako biyu bai leƙo ba a tura masa saƙo a ji ko lafiya. A guruf ɗinmu waɗanda suka bari ba wanda yace ya bari, shiru kawai sukayi, kuma ba wanda ya neme su.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani ɗalibi mai karatu daga gida